Yaya, ina take yanzu?

A daren kwana na biyar da haihuwarta ɗiyar ƙanwata ta koma. Haka Bahaushe yake faɗa idan jariri ya rasu: ba ya cewa ya mutu, sai ya ce ya koma, kamar baƙon da ya leƙo gida ya gaisa ya juya inda ya fito. Tun la'asar ta ƙi kama nono, jikinta ya yi zafi, kukanta ya zama siriri. Bayan isha'i mahaifinta ya ɗauki uwar da ɗiyar a bayan babur cikin yayyafin watan Agusta suka nufi asibiti, kuma kafin kiran sallar asuba an miƙo musu ita naɗe cikin zanen da aka saya domin ranar suna. Ragon sunan yana ɗaure a gindin dogon yaro a tsakar gida lokacin da muka dawo daga maƙabarta.

Mu Kirista ne, ƴan tsiraru a Damagaram, kuma gidan ƙanwata ya haɗa ɗariku biyu. Ni da ita mun tashi a majami'ar da tushenta ya koma ga mishan ɗin SIM, wata ƙungiyar Furotesta ta masu wa'azin bishara, waɗanda suka fara zama a wannan gari a 1924, kuma a wurinmu ba a yi wa jariri baftisma. Ana kai shi gaban jama'a fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a, sai ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa sannan a nutsar da shi cikin ruwa; ni kaina ina da shekara 17 aka yi mini. Mijinta kuwa ɗan Katolika ne, kakanninsa sun zo daga Dahome, ƙasar Benin ta yau, zamanin Faransawa, an haifi mahaifiyarsa a Sabon Gari, kuma babu harshen da ya fi mata Hausa sauƙi a baki. Ya riga ya yi magana da Fada, limamin Katolika, an tsayar da ranar baftismar yarinyar Lahadi ta biyu bayan suna.

A zaman makoki maƙwabtanmu Musulmi su ne suka fi yawa a kan tabarma, kuma kusan duk wanda ya zo gaisuwa da addu'a ɗaya yake rufewa: «Allah ya sa mai ceto ce.» Suna faɗin haka da natsuwar wanda ba ya shakka, domin a wurinsu yaron da ya rasu kafin ya balaga ba shi da alhaki a wuyansa, har ma ana fatan ya ceci iyayensa ranar gobe. A cikin gida kuwa surukar ƙanwata, wadda dukanmu muke kira Inna, tana kuka tana maimaita magana ɗaya: «Ko ruwa cikin ludayi ba mu zuba mata ba. Yarinyar nan ba za ta ga fuskar Allah ba.» Ba da mugunta ta faɗa ba. Abin da aka koya mata ke nan a katikisim, wato darasin koyon addini na Katolika, tun tana yarinya, kuma ta riƙe shi kamar yadda ta riƙe addu'ar Ubanmu.

Kwana uku bayan haka na shiga ɗakin ƙanwata na same ta zaune a bakin gado, ta ɗaure ƙirjinta da ɗankwali saboda nonon da ya cika ba mai sha, kwanon kunun kanwa a gabanta ya huce ba ta taɓa ba. Ta ce, «Yaya, kai da ka yi karatu, ina take yanzu?» Na amsa da sauri cewa tana wurin Ubangiji. Ta ce, «To, me ya sa Inna ta ce ba za ta ga fuskarsa ba? Ai ita ma Littafi ɗaya muke karantawa da ita.» A nan na gane cewa amsar da na bayar amsar gado ce, ban san inda ta fito ba, ban kuma san inda ta Inna ta fito ba. Na shafe watanni bayan haka ina bin diddigin maganar, kuma abin da na samo ne nake so in rubuta, domin a garinmu da ƙauyukan da ke kewaye da shi, inda har akwai sunayen da ake raɗa wa ɗan wabi don mutuwa ta ƙyale shi, ba ƙanwata kaɗai ce take kwana da wannan tambaya ba.

Littafi Mai Tsarki bai ware aya guda da ta ce ga makomar jaririn da ya rasu ba baftisma ba. Abin da ke akwai ayoyi ne da suke ja ta ɓangare biyu. A Yahaya 3:5 Yesu ya ce wa Nikodimu ba mai shiga Mulkin Allah sai an haife shi ta ruwa da Ruhu, kuma a Romawa 5:12 Bulus ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta bi kowa. Amma a Markus 10:14 Yesu ya ji haushin almajiransa da suka kori yara, ya ce a bar su su zo wurinsa domin Mulkin Allah na irinsu ne, kuma a 1 Timoti 2:4 an ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto. Duk gardamar da aka yi ƙarni bayan ƙarni, ƙoƙarin riƙe waɗannan ayoyi ne a hannu ɗaya ba tare da an saki wata ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, a nahiyarmu aka fi zafafa maganar, can arewa da hamada. Wajen shekara ta 200 Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ba da shawarar a jinkirta wa ƙananan yara baftisma har sai sun iya sanin Almasihu. Wajen 253 kuma wani bishop mai suna Fidus ya kawo ra'ayin a riƙa jiran kwana na takwas, bisa misalin kaciyar Yahudawa, sai Sipiriyan na Kartaj da bishop-bishop 66 suka zauna suka amsa masa cewa kada a jira, ko a kwana na biyu ko na uku a yi wa jariri baftisma, domin bai kamata a hana kowane ɗan Adam jinƙan Allah ba. Da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na ɗan lokaci, domin ranar da Fidus yake so a jira ba ta da nisa da ranar sunan da muka jira.

Wanda ya ɗora maganar a kan tushen da ta zauna shekaru ɗaruruwa shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Yana jayayya ne da mabiyan Pelajiyus, waɗanda suke cewa ana haihuwar jariri ba tare da ya gaji laifin Adamu ba. Agustin ya ga cewa idan aka amince da haka, to akwai wasu ƴan Adam da ba sa bukatar Mai Ceto ke nan, kuma ya sha kafa hujja da iyaye matan da suke rugawa majami'a da jariransu marasa lafiya a hannu: idan babu abin da za a wanke, gudun me suke yi? Daga nan hujjarsa ta kai shi inda ta kai shi. Ya ce babu wuri na uku tsakanin Mulkin Allah da hallaka, saboda haka jaririn da ya rasu ba baftisma yana cikin hukunci, ko da yake hukuncinsa shi ne mafi sauƙi duka. Majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayansa wajen ƙin yarda da wani matsakaicin wuri na jin daɗi. Shi kansa Agustin ba a yi masa baftisma yana jariri ba. Ya ba da labarin yadda ciwon ciki ya kusa kashe shi yana yaro, ya roƙi a yi masa, da ya sami sauƙi aka fasa, kuma sai a 387 aka yi masa a birnin Milan yana da shekara 32.

Ina girmama Agustin, kuma na fahimci abin da yake karewa, wato cewa babu wanda ya isa ya shiga wurin Allah da cancantar kansa, ko da jinjiri ne. Amma ba zan iya binsa har ƙarshen hanyar ba, kuma na lura cewa Ikilisiya ma ba ta iya ba. A Ikilisiyar gabas tun farko ba a bi ta nan ba: Girigori na Naziyanzus ya yi wa'azi a 381 ya ce irin waɗannan yara ba za a ɗaukaka su ba, ba kuma za a hukunta su ba, tun da rashi ne ya same su, ba laifi suka yi ba. A yamma kuwa sannu a hankali aka riƙa sassautawa. A 1201 Paparoma Inosan na 3 ya rubuta cewa sakamakon zunubin asali, wato wanda aka gada daga Adamu, shi ne rashin ganin Allah, azabar wuta kuwa ta zunubin da mutum ya aikata da kansa ce. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ƙara gaba ya ce waɗannan yara ba sa ma jin zafin rashin, kamar yadda mai hankali ba ya baƙin ciki don bai iya tashi sama kamar tsuntsu ba. Suna cikin jin daɗi daidai da halittarsu, suna son Allah gwargwadon abin da suka sani. Wannan hali ne aka sa wa suna limbo, daga kalmar Latin mai nufin gefe ko bakin riga. Ba a taɓa ayyana shi a matsayin aƙidar da dole kowane ɗan Katolika ya yarda da ita ba, amma an koyar da shi a katikisim har tsakiyar ƙarni na 20, kuma shi ne ya iso kunnen Inna a Sabon Gari.

Malamai sun ɗauki limbo a matsayin sassauci, iyaye kuwa ba su taɓa jin sa haka ba, domin abin da uwa take ji shi ne ita da ɗanta ba za su sake haɗuwa ba har abada. A Faransa da Suwizalan an yi wuraren ibada inda ake kai gawar jariri a ajiye gaban siffar Maryamu ana addu'a, ana jiran wata ƴar alama ta rai, ko sauyin launin fata ko motsin gashin tsuntsun da aka ɗora a leɓensa, domin a yi wuf a zuba masa ruwa kafin ya sake tafiya. A Ailan akwai ɗaruruwan ƙananan maƙabartu a gefen gonaki da bakin teku inda aka binne jariran da ba a yarda a sa su a maƙabartar majami'a ba. Duk wanda ya taɓa riƙe gawar jinjiri a tafin hannunsa, ya ji rashin nauyinta, ba zai ga wautar waɗannan mutane ba.

Da na juya ga tarihin ɓangarenmu na Furotesta, na ɗauka zan tarar da hannunmu a wanke, amma ba haka na samu ba. Shaidar bangaskiya ta Ogsburg, wadda mabiyan Martin Luta suka gabatar a 1530, ta la'anci masu cewa yara suna samun ceto ba tare da baftisma ba, kuma a birnin Zurik hukumomin Furotesta sun kashe Felis Manz ta hanyar nutsar da shi a kogi a 1527 saboda ya ƙi baftismar jarirai, wato saboda abin da majami'armu take yi yau ba wanda ya ɗaga gira. Sai dai shi Luta ɗin ya rubuta wata gajeriyar takardar ta'aziyya a 1542 ga matan da suka yi ɓari ko suka haifi ɗa ba rai, ya ce musu kada su ɗauka Allah ya yi fushi da su, kuma begen da uwa ta yi na ganin an yi wa ɗanta baftisma addu'a ce da Allah yake ji. Jon Kalbin, wani jigon Furotesta, ya ƙi yarda cewa rashin ruwa kaɗai yana hallaka yaro. Taron Dort a Holan ya ce a 1619 iyaye masu tsoron Allah kada su yi shakkar ceton ƴaƴansu da aka kira tun suna jarirai. Shaidar bangaskiya ta Wesminsta ta 1646 kuwa «zaɓaɓɓun jarirai» ta ce, kalmar da ta bar mutane suna tambayar makomar sauran, har sai da Firesbiteriyan na Amurka suka ƙara bayani a 1903 cewa duk wanda ya rasu yana jariri yana cikin zaɓin alheri. Abin da ake koya mana yau, cewa yaro yana ƙarƙashin jinƙan Allah har ya kai shekarun sanin nagarta da mugunta, shi ma ginin malamai ne a kan ayoyi, babu ayar da ta faɗe shi kai tsaye.

Ayar da fastocinmu suka fi karantawa a jana'izar yara ita ce 2 Sama'ila 12:23, inda Dawuda ya ce game da ɗansa da ya rasu: ni zan tafi wurinsa, shi ba zai komo wurina ba. Aya ta 18 ta ce a rana ta bakwai yaron ya rasu, kuma da yawa sun fahimci cewa bai kai ranar kaciya ba ke nan, alamar alkawari ba ta taɓa jikinsa ba, duk da haka mahaifinsa ya tashi ya yi wanka ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada. Gaskiya ta sa in faɗi cewa wasu masana suna ganin kabari kawai Dawuda yake nufi. Ni dai ban ga yadda tunanin kabari kaɗai zai sa mutumin da ya kwana bakwai a ƙasa yana azumi ya tashi ya nemi abinci ba.

A ɓangaren Katolika an yi tafiya mai nisa tun bayan katikisim ɗin Inna. Littafin salla na 1970 ya zo da addu'o'in jana'izar yaron da ya rasu kafin baftisma, abin da babu shi a da, kuma dokokin Ikilisiya na 1983 sun ba bishop ikon yarda a yi wa irin wannan yaro jana'izar majami'a idan iyayensa sun yi niyyar yi masa baftisma. Babban katikisim na 1992 bai ambaci limbo ko sau ɗaya ba. A sakin layi na 1257 ya ce Allah ya ɗaure ceto ga baftisma, amma shi kansa ba a ɗaure yake da ita ba, a na 1261 kuma ya ce Ikilisiya tana danƙa waɗannan yara ga jinƙan Allah, da begen cewa akwai hanyar ceto dominsu. A watan Afrilu na 2007 Hukumar Tauhidi ta Duniya, majalisar malaman da ke ba fadar Paparoma shawara, ta fitar da doguwar takarda a kan wannan batu da amincewar Paparoma Benedik na 16, wanda tun yana kadinal ya ce a ra'ayinsa a bar maganar limbo. Takardar ta ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya cewa waɗannan yara za su ga fuskar Allah, sai dai ta jaddada cewa bege ne mai tushe, ba sani na yaƙini ba, domin ba a bayyana mana komai ba.

Da farko wannan taka-tsantsan ya ɓata mini rai, na ce uwar da ƙirjinta yake ɗaure da ɗankwali ba bege take nema ba, tabbaci take so. Daga baya na sauya tunani, domin na ga cewa duk cutar da aka yi wa iyaye a wannan tarihi daga masu tabbaci ta fito, waɗanda suka zana taswirar lahira suka nuna da yatsa inda jariri yake. Kuma bege a bakin Kirista ba irin «wataƙila» ɗin kasuwa ba ne, da shi muke binne manyanmu ma. Abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne wani abu da Ikilisiya ta daɗe tana yi tun kafin malamanta su daidaita hujjojinsu: kowace ranar 28 ga Disamba tana tunawa da yaran Baitalami da Hirudus ya kashe, tana kiransu tsarkaka. Ba wanda ya zuba musu ruwa, ba su furta komai da bakinsu ba, ba su ma san saboda wa aka kashe su ba. Malamai suna cewa jininsu ne ya zama baftismarsu, amma ko a haka an yarda cewa Allah yana da hanyar isa ga jinjiri wadda ba ta bi ta hannunmu ba.

Abin da ya fi cin mijin ƙanwata wani abu ne dabam. Bisa koyarwar Katolika, idan rai yana cikin haɗari kowa yana iya yin baftisma, uba ko uwa ko ungozoma, har ma wanda ba Kirista ba idan ya yi niyyar yin abin da Ikilisiya take yi. Ruwa kawai ake bukata a zuba a kai sau uku, da faɗin kalmomin. Ya san wannan tun yana yaro, kuma akwai buta cike da ruwa a barandar asibitin a daren nan, amma hankalinsa yana kan takardar magani da neman kantin da bai rufe ba. Ya daɗe yana ɗora wa kansa laifi. Fada ne ya zaunar da shi ya ce masa mutumin da yake gudu cikin ruwan sama don ceton ran ɗiyarsa bai yi sakaci ba, kuma niyyar da ya yi tun ranar da ya je aka sa rana tana rubuce a wurin da ba a mantuwa.

Na kai wa Inna sakin layi na 1261 na fassara mata shi da Hausa kalma bayan kalma, tana zaune a kan tabarma tana jan carbinta. Ta saurara har na gama, ta ce in sake karantawa, na sake. Sai ta ce, «Allah ya sa haka ne, ɗana. Amma da ma an zuba ruwan.» Ban yi mata gardama ba. A ranar 28 ga Disamba ta shekarar da aka yi rashin ƙanwata ta roƙi a ambaci yarinyar a salla da sunan da suka tanada mata, wanda ba a kai ga raɗa mata ba, kuma Inna ce ta riƙe hannunta lokacin da aka kira shi.

Bana ƙanwata tana da ciki wata takwas. Inna ta wanke wata ƴar kwalba ta cika ta da ruwa ta sa a cikin jakar kayan haihuwa, tsakanin zannuwa da sabulu, ta kuma koya wa duk matan gidan abin da za su faɗa. Makon jiya ƙanwata ta kira ni ta ce, «Yaya, na san a majami'arku ba a yi, amma idan kai ne a kusa fa?» Na ce mata ban yarda cewa ceton jariri yana rataye a kan wannan kwalba ba. Ta ce ta sani, ita ma yanzu ba ta yarda da haka ba, amma duk da haka in haddace. Ta faɗa ina maimaitawa: ina yi maka baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Ta sa na faɗa sau uku, sannan ta nuna mini aljihun jakar da kwalbar take ciki.